Shaidar Baba a Teburin Rajista

Baba ya rasu a daminar bara. Masu ta'aziyya sun yi ta faɗin alherinsa, ni kuwa abin da ya riƙa dawo mini shi ne wata hantsi a ƙofar gidan mai unguwarmu, dab da tafiyar Turawa.

Ni ne ɗansa na fari. A ƙasarmu uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, ba ya haɗa ido da shi, ba ya nuna ya san da zamansa a gaban mutane. Kunya ce, kuma da ita ake auna dattakun mutum. Ana yaye ni aka kai ni riƙo wajen kawuna a Makarfi, can na girma ina kora doki a wurin matsar rake, muna dafa mazarƙwaila. Da na dawo ƙauyenmu, kusa da Kurmin Kogi, da gemuna da matata, Baba bai canja ba. In yana son in kai taki gona, sai ya dubi bango ya ce, "A gaya wa wancan, fadama na jira." Ko da daga ni sai shi a zauren.

A shekarar ne aka ce kowane namiji baligi zai jefa ƙuri'a da hannunsa a akwati. Mata ba a ma tambaye su ba. Amma sai an rubuta mutum tukuna, kuma ba a rubuta shi sai mai unguwa ya shaida ɗan garin ne. In mai unguwa bai san shi ba, to, ubansa ya zo ya tsaya masa. Wai don kada baƙi su cika akwati. Mu dai ba mu taɓa ganin baƙon da ya yi sha'awar ƙauyenmu ba, in ban da masu awon gyaɗa.

Ni kuma a Makarfi na ɗan zauna a taron jam'iyyar da masu sarauta ba sa ƙauna, labarin kuwa ya riga ni isowa gida.

Malamin rajista saurayi ne daga Zariya, ya kafa teburinsa a gindin tsamiya, mai unguwa na zaune kusa da shi. Idon mai unguwa ran nan garau yake. Har wani ɗan ƙodago da ya zo masa noma daga Kudan a makon, mai unguwa ya shaida cewa ɗan gari ne tun kakanni. Da layi ya zo kaina sai ya ƙanƙance ido, ya karkata kai.

"Wannan fuskar... a'a."

"Ranka ya daɗe, ni ne fa. Jiya da ka aiko a karɓi kajin baƙi a gidanmu, ni na kamo su."

"Kaji na gani. Ban ga wanda ya kamo ba."

Kakata, uwar Baba, tana gefe da tallar daddawarta. Ta taso ta ce, "Wannan ai mijina ne, ni na yanke masa cibiya." Ta faɗi sunana na yanka, ta ƙara da na wasa.

Malamin ya ce, "Iya, mata ba sa cikin wannan magana."

"To, ku da kuke ciki, wa ya haife ku?"

Mai unguwa ya bari dariya ta lafa, sannan ya ce a kira ubansa mana. Tare suka tashi da Baba. Ya san abin da yake yi.

Baba ya zo daga gona da fartanya a kafaɗa. Ya durƙusa ya gai da mai unguwa, ya gai da malamin, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Zariya da yadda ruwa ya yi a can. Ya gai da kowa a wurin, ban da ni.

Malamin ya nuna ni ya ce, "Baba, ka san wannan?"

Baba ya dubi ƙafar tebur. "Nakan gan shi a gidan."

"Ɗanka ne?"

"Haka mutane ke faɗi."

"Mene ne sunansa?"

"Ai shi ma yana da baki, Malam."

"Doka ta ce daga bakinka."

Malamin Bahaushe ne, ya san komai. Sai dai dokar sabuwa ce a hannunsa, yana ji da ita kamar sabon takalmi.

Mai unguwa ya tausasa murya. "Haba, kada a matsa wa dattijo, mutum ne mai kunya. A bar yaron sai wani zaɓen."

Na ce na haƙura, kuma da gaske nake. Ƙuri'a ɗaya ba ta kai a tsayar da Baba haka a bainar jama'a ba. Har na juya zan tafi, sai na ji fartanya ta taɓa ƙasa.

Baba ya faɗi sunana. Ƙasa-ƙasa, idonsa na kan ƙafar teburin.

Malamin ya ce, "Ban ji ba."

Baba ya maimaita yadda na bayan layi ma suka ji, ya ƙara da cewa, "Ɗana ne." Dattawan da ke wurin suka sunkuyar da kai kamar zanen wani ya kwance a kasuwa. Kakata ta koma ta zauna wajen daddawarta. Ban taɓa sanin yadda sunana yake a bakinsa ba. Ashe yana ɗan jan ƙarshensa.

Mai unguwa ya ce, "Au, shi ne? Ƙiba ya yi, shi ya sa." A lokacin ban fi karan rake kauri ba.

Baba ya biya kuɗin wannan shaida da fuskarsa. Abokan wasansa suka riƙa tare shi a hanyar masallaci suna tambaya ko zai ƙara faɗa musu sunan, wai sun manta. Ya daina zama majalisar ƙofar gida har aka yanke dawa.

Ranar zaɓe na jefa ƙuri'ata. Wanda na zaɓa ya sha kaye, mai unguwa ya ci gaba da aikowa a karɓi kaji. Baba bai tambaye ni wa na zaɓa ba. Ni ma ban yi masa godiya ba, don babu yadda zan yi ta ba tare da na tuna masa abin da ya yi ba.