Kalmar da Ta Rage a Bakin Kawu

Kawu ne ya kawo ni Riyad. Yayan mahaifiyata ne. Ya zo ƙasar nan tun ina rarrafe, ya yi tuƙi a gidan wani Balarabe har kansa ya yi fari. Shi ya nemo mini kafili, wato ɗan ƙasa da zai tsaya mini a hukumance, shi ya koya mini cewa iƙama, takardar izinin zama, a aljihun gaba ake sa ta, ba na baya ba. Ni aikin sito nake yi a Birnin Masana'antu na Biyu, a ɗakin kamfani nake kwana. Matar Kawu ta rasu a gida da daɗewa, kuma Allah bai ba shi haihuwa ba. A ƙasar nan ni kaɗai ne jininsa.

Wata safiya ya faɗi yana wanke mota, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Lokacin maigidansa ya riga ya rasu, babban ɗansa ne kafilin Kawu. Wannan ɗan maigida, Kawu ne ya riƙa kai shi makaranta yana yaro. Da asibiti ta sallami Kawu, sai ɗan maigidan ya sa shi a wani gidan kula da tsofaffi mai zaman kansa, ya ɗauki nauyin komai. Na yi masa godiya, kuma har yau ban janye godiyar ba.

Ciwon ya tafi da Larabcin Kawu kaf. Hausar ma kaɗan ta rage. Yana cewa "to", yana cewa "Allah", yana cewa "duka". Bakinsa ya karkace, maganar tana fitowa da nauyi.

Juma'a nake da hutu, kuma ina da tsarina. In na fito masallaci sai in sayi nono da dabino mai laushi. In na isa, da farko gaisuwa. Sannan in goge masa fuska da hannaye. Sannan yankan farce, in ya taru. Daga ƙarshe in ba shi nonon da cokali. Nakan tambaye shi, "Kawu, kun ci abincin rana?" Sai ya ce, "Duka." Sai in ce madalla, haka ake so, in tafi da raina fari.

Abu na farko da na gani, shati ne a damtsensa na hagu, wurin da hannun riga ke rufewa. Na ɗora yatsuna a kai, suka zauna daidai. Na ce a raina wataƙila wajen ɗaga shi ne. Na biyu, wata Juma'ar na tarar da shimfiɗarsa a jiƙe, har ta bushe ta gefe, bayansa ya yi ja. Na uku shi ne wanda ya hana ni sukuni. Ina yanka masa farce sai ma'aikacin da ke kula da ɗakin ya shigo da tire, wani ƙaƙƙarfan mutum mai yawan murmushi. Kawu ya fizge hannunsa mai lafiya daga nawa, ya kare kansa da shi. Mutumin da ya yi shekaru yana ratsa titunan Riyad ko gezau, shi ne ya dunƙule kamar kaza ta ga inuwar shaho.

Da ma'aikacin ya fita, Kawu ya kama hannun rigata ya ce, "Duka." Ban tambaye shi abinci ba ranar.

Duk Bahaushe ya san kalmomi biyu ne. A takarda iri ɗaya ake rubuta su, amma a baki ba sa haɗuwa. Wadda ke nufin gaba ɗaya gajera ce. Ta bugu kuwa jan ta ake yi. Ko yaro ba ya rikita su. To amma bakin Kawu ya daina bambanta dogo da gajere, komai jan sa yake yi. Na zauna ina tuno duk Juma'o'in da na ce masa madalla.

Na gwada shi. Na ce, "Kawu, dukan ku ake yi?" Ya ce, "To." Na ce, "Ba a dukan ku, ko?" Ya ce, "To."

Ban yi hayaniya ba, domin ba na fara abu daga tsakiya. Na fara da shugaban sashen, wanda suke kira mushrif. Ya ba ni kujera, ya sa aka kawo shayi. Ya ce fatar tsoho ba ta da ƙwari, kuma maganin da ake ba shi na tsinka jini yana sa tabo ko da an taɓa shi kaɗan. Ya ce kyamara a baranda take, ba a sa ta a ɗaki saboda mutuncin marasa lafiya. Ya ce ma'aikacin nan ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Ya rufe da "mafi mushkila", wato babu matsala, ya raka ni har ƙofa.

Abokin ɗakina mutumin Damagaram ne, ya girme ni, ba ya ɓoye magana. Na faɗa masa yana dafa taliya.

Ya ce, "To, Malam Na-farko-na-biyu, yanzu kana na nawa?"

Na ce, "Zan kira ɗan maigida."

Ya ce, "Ka kira. In ya ce ɗauki kawunka, ina za ka kai shi? Ƙarƙashin gadona? Mu da ko baƙo ba a bari ya wuce get."

Na ce, "Sai in zuba ido?"

Ya ce, "Ni ban ce ba. Miƙo gishiri."

Ɗan maigida ya zo wata Juma'a da la'asar. Ya sumbaci goshin Kawu, ya kira shi ammi, kamar yadda suke kiran baffa. Mushrif yana tsaye, ma'aikacin yana bakin ƙofa. Na bi abin daki-daki da Larabcina na sito: shatin, shimfiɗar, hannun da ya kare kai. Shatin ya riga ya dushe. Sannan na ce akwai kalmar da yake faɗa. Kamar an umarce shi, Kawu ya dubi ɗan maigida ya ce, "Duka."

Fuskar ɗan maigida ta washe. Ya ce, "Wannan ai na san ta. Kullu ke nan, gaba ɗaya. In ya ɗauko ni daga makaranta ya ga na rage abincina, sai ya ce, ci duka, ci duka." Ya faɗe ta da Hausa, gajera, daidai yadda Kawu ya koya masa. Idonsa ya kawo ruwa. Ya riƙe hannun Kawu ya ce, "Ka tuna, ammi?" Kawu ya ce, "To."

Na ce akwai wata kalmar mai kama da ita, ma'anarta bugu. Mushrif ya yi murmushi ya ce, "Kalma ɗaya, ma'ana biyu? To wacce ya faɗa?"

Ɗan maigida ya juyo gare ni. Ba da faɗa ba, ya ce, "Kai ne mai harshen. Za ka rantse da Allah bugu ya ce?"

Zuciyata ta riga ta yanke hukunci, amma kunnena bai yanke ba, kuma rantsuwa a kan abin da kunne ya ji ake yin ta. Na ce ba zan iya rantsewa ba. Mushrif ya gyara tsayuwa.

A wajen mota ɗan maigida ya yi mini magana a hankali. Ya ce in hankalina bai kwanta da gidan ba, shi ba zai tilasta ni ba. Zai yi wa Kawu takardar fita ta ƙarshe, ya sa shi a jirgi, in kai shi wurin dangi. Na san ba barazana yake yi ba, alheri yake nufi. Amma na san garinmu. Mahaifiyata ta tsufa, ita ma riƙe ta ake yi. Babu gado mai ɗagawa, babu mai juya shi, asibiti kuma da nisa. Na san akwai inda ake kai ƙara a birnin nan. Sai dai in an tambaye ni hujja, abin da ke hannuna tabo ne da ya ɓace, da kalmar da na ƙi rantsewa a kanta. In kuma gidan ya ce a kwashe shi, hanyar jirgin ce dai. Na ce a bar shi a nan.

Daga ranar na ƙara abu ɗaya a tsarina. Dabino leda biyu nake saye. In na isa, kafin in shiga wurin Kawu, sai in nemi ma'aikacin nan in gaishe shi da hannu biyu, in miƙa masa ɗaya, in ce Allah ya saka da alheri, a riƙa haƙuri da tsoho. Yana karɓa da murmushi. Wani lokaci Kawu yana kallonmu ta ƙofa. Na kuma daina tambayarsa ko ya ci abinci. Shi ma daga baya ya daina faɗin kalmar. "Allah" kawai ta rage, ita ma ba kullum ba.

Ya rasu a cikin zafin bazara. An kai shi wurin wankan gawa na wani babban masallaci, aka ce ɗan'uwa ɗaya zai iya shiga. Na shiga. Muka fara da alwala, sannan ɓarin dama, sannan na hagu, kamar yadda aka tsara. Ni na riƙe kafaɗarsa da aka juya shi, na ga bayansa da haƙarƙarinsa a cikin haske sosai.

Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa wanda ya wanke mamaci ba ya fita da labarin abin da ya gani. Mai wankan, wani dattijo, ya dube ni, na dube shi. Ya ja likkafani ya rufe.

Da muka fito, ɗan maigida yana jira a inuwa. Ya rungume ni yana kuka, ya ce ko ba komai ammi ya ƙare kwanakinsa a wuri mai tsabta, cikin kulawa. Na ce masa to.