Hajiya Babba ta koma gida, Inna Tumba ba ta nan

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna Tumba ta rasu.

Da safen nan ina shirya yara makaranta sai Asabe, matar ɗanta, ta kira ni. Ta ce bayan sallar asuba Inna ta yi kukan ƙirjinta ya yi nauyi, ta kishingiɗa, shi ke nan. Ban gama salati ba ta ƙara da wata magana a hankali, kamar ita ce mai laifin: "Malama, Hajiya Babba na wurinki ko? Za a aza sanwar masu gaisuwa."

Tana wurina. Wallahi tana wurina, a sito, a kife.

Ga waɗanda ba 'yan unguwar Badariya ba, Hajiya Babba tukunya ce. Ƙatuwar tukunyar dalma, wadda yaro zai shige ciki ya yi ɓuya. Inna ce ta raɗa mata sunan, wai ta fi kowace mace a unguwa zuwa biki. Suna, ɗaurin aure, saukar Alƙur'ani, rasuwa, babu gidan da ba ta shiga ba.

Inna ce ke riƙe da kayan girkin unguwa, tukwane da muciyoyi da tabarmi. Ba ta taɓa karɓar ladan aro ba. Kuma ba kaya kaɗai take ba ka ba, har kanta take haɗawa. Tun da sassafe za ka ga ta shigo da ɗamara, ta jawo mata, ta raba aiki, wannan wankin shinkafa, wannan yankan albasa. In ta ga kin laɓe kina danna waya, sai kawai ta miƙo miki muciya.

Lokacin da aka kawo ni daga Gulma ban san kowa ba a Birni. Ita ce ta fara yi mini sallama da kwanon tuwo. Da na haihu, ita ta dafa mini ruwan wanka, tana mini tsiya wai malaman makaranta sun iya alli ba su iya hura wuta ba.

To, akwai al'adar da muka taras: tukunyar aro ba ta komawa wayam. Ko sabulu, ko gishiri, ko ɗan ƙullin daddawa, sai ki saka ki rufe. Inna takan buɗe marfin a gabanki, ko mene ne ta gani sai ta riƙe baki ta ce ya yi yawa. Na ga ta faɗa wa wata haka a kan ashana.

Bayan mun tashi zuwa sabon gidanmu can hanyar Ambursa, na ari Hajiya Babba don sunan autata. Inna ta biyo ta har can, ta wuni a bakin murhu da ciwon gwiwarta. Da aka watse na wanke tukunyar tas, na ce a raina wannan karon ba zan mayar da ita da sabulu ba kamar kowa. Inna 'yar Argungu ce, kullum tana mita wai kifin kasuwar nan bai kama ƙafar busasshen kifin garinsu ba. Sai na ƙudura zan cika tukunyar da sabuwar shinkafar Gulma, in ɗora kifin Argungu a kai, in ga yadda za ta riƙe baki.

Shinkafar ta zo, yayana ya aiko mini. Kifin ne ya gagara. Wannan makon jarrabawa, wancan makon baƙi, wani lokacin kuma ƙyuya ce kawai. Argungu ba Makka ba ce, amma ban je ba.

Gaskiyar magana, so nake a ce Malama ta yi abin a zo a gani. Abin da ya riƙe ni ke nan.

Haɗuwarmu ta ƙarshe da Inna a gidan suna ne a tsohuwar unguwa. Na shiga na tarar da ita tana tuƙi a ƙananan tukwane, ta sauke wannan ta aza wancan, zufa na zuba. Aikin da babbar tukunya za ta gama tashi ɗaya, shi ya tsayar da ita tun safe har la'asar. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi ma da na fi jin sauƙi. Dariya ta yi ta ce, "Malama, yaji Hajiya Babba ta yi, ko aure kunka yi mata can?"

Na ce tsaraba nake haɗa mata.

Ta ajiye muciyar ta dube ni. "Ɗiyata, gishiri cikin cokali ma kaya na. Ba abin ciki nika jira ba. Taho da ita, ki taho da kanki, mu sha hura."

Na ce in sha Allahu ƙarshen mako. Na manta gobe ta Allah ce.

Yau na ciro tukunyar daga sito, na share ƙura, na juye shinkafar a ciki, muka ɗora a keke napep. Tafiyar da na yi ta ɗagawa, kafin in gama kuka mun iso. Na tarar maza sun riga sun fita da gawar Inna.

A unguwar nan gidan da aka yi rashi ba ya hura wuta, maƙwabta ke girki, kuma Inna ce ta tsaya tsayin daka har abin ya zauna. An ce in wuce da tukunyar zuwa maƙwabta. Na roƙi a bari in fara ajiye ta a ƙofar ɗakin Inna, ko na ɗan lokaci ne.

Asabe ce ta buɗe marfin. Ta dubi shinkafar, ta dube ni, ta riƙe baki. Duk matan da ke wurin sun san abin da ya kamata a ce. Babu wadda ta iya faɗa.

Yanzu haka shinkafar na kan wuta. Masu gaisuwa za su ci, Inna ba ta ko gan ta ba. Ni ce a kan muciya, kuma ba zan ba kowa ba sai an sauke.

Inna, ki yafe mini. Na kawo, ban same ki ba.

Allah Ya gafarta miki, Ya sanyaya makwancinki kamar yadda kika sha zafin murhu domin mutane, Ya ciyar da ke daga abincin Aljanna. Allah Ya ba Asabe da yara da dukkan Badariya haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya yi mata addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce. Kada ka jira sai ka samu lokacin yin mai tsawo.