Murfin da Bai Tsallaka Kanal Ba

A ranin shekarar da nake aji huɗu na firamare, wata ranar kasuwar Bunkure da hantsi, na yi jifan da har yau nake cewa ba a taɓa yin irinsa ba tun daga Kura har Garun Malam. Na tsaya a gaɓar babban kanal na noman rani, na juya wa kwando baya, na saki murfin robar fenti. Ya tashi yana kuka kamar shaho, ya ƙetare alkamar Baba, ya gaisa da balbelu a hanya, ya sauka tsakiyar kwandon tumatir da muka kafa a kan turke. In na sami masu sauraro masu haƙuri, nakan ƙara da cewa sai da ya leƙa Dawakin Kudu ya dawo. Sai dai shaidata mutum ɗaya ne, yana tsaye a ɗaya gaɓar da sandarsa a kafaɗa, abin da ya ce kuwa shi ne, "Kaɗo, iska ce ta ji tausayinka."

Ja'e ke nan, ɗan Fulanin rugar da ke hayin kanal. Ni aikina korar tsuntsu. Da an taso daga makaranta Inna za ta ƙulla mini rogo da ƙuli, in tafi gona in riƙa jan igiyar gwangwanaye ina ihu har muryata ta koma ta tsohon kwaɗo. Shi kuma yana hayi da maruƙan babansa. Gada tana da nisa, kanal kuma ba a wasa da shi, ya ci 'ya'yan mutane, don haka abotarmu ta sama take bi. Murfin shuɗi ne, na tsinto shi inda ma'aikata suka yi wa ƙofar ruwa fenti. Muka kafa kwando a kowace gaɓa, kowa na jifan na hayinsa, muna ƙirga wanda ya shigar da jifa kaɗan. Dokarmu ɗaya ce: wanda murfi ya kwana a wajensa, shi zai fara zuwa bakin ruwa gobe ya jefo. Muddin yana hannun ɗayanmu, wasa bai tashi ba.

Ni gwanin jifan baya ne. A wajen Baba na ɗauko shi, ba tare da ya sani ba, don kallon yadda yake tayar da injin ban-ruwa na yi. Ka kafa ƙafa, ka juya kafaɗa, ka miƙa hannu can baya, sannan ka fizgo a miƙe ta gaban ƙirji kamar mai jan igiyar inji. Yatsu huɗu a ƙarƙashin bakin murfi, babban yatsa a sama. Ƙugu ke fara juyawa, hannu ya biyo baya. Wanda ya fara da hannu, murfinsa sama zai yi kamar zai je gaida wata, ya faɗo masa a ƙeya. Jifan baya yana da nisa, amma yana da hali ɗaya da ba ya bari: in ƙarfinsa ya ƙare, hagu yake karkata.

Ja'e kuwa jifan gaba yake yi, fuskarsa na kallon kwando. Da busasshen kashin shanu ya koya tun yana ƙarami, irin mai faɗin nan kamar waina. Yatsu biyu kawai yake sa wa a ƙarƙashi, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari, ya ɗan fyaɗa wuyan hannu kamar mai kora maraƙi da tsumagiya. Ba gumi, ba nishi. Murfi ya tafi a kwance, ya lanƙwasa dama, ya zauna a kwando kamar an aike shi. Ya sha yi mini ihu daga hayi: "Tafin hannu ya kalli sama, Kaɗo, kamar kana roƙon Allah! In ka kife shi, ka kife murfi!" Ni kuma in ce masa jifan mata ne, namiji da ƙugu yake jifa. Na gwada a ɓoye a bayan makarantarmu, murfin ya kife ya bi ƙasa yana gangara har ajin 'yan aji ɗaya, suka yi mini dariya. Na ce to, a bar wa mai shi.

Shekara ta juyo, aka yanka burtalin hayi aka yi fuloti, aka dasa tumatir har bakin ruga. Wata rana shanu suka shiga gonar wani maƙwabcinmu, aka yi cacar baki, aka kai gaban mai gari. Ban san yadda aka ƙare ba, na dai san Baba ya ce in ya ƙara ganina a hanyar gada sai ya karya mini ƙafa, su Ja'e ma aka hana su zuwa cikin gari da nono. Manya suka daina gaisawa. Murfi dai bai ji wannan doka ba, kullum yana tsallakawa.

Ranar da su Ja'e za su tashi, murfin a wajena ya kwana. Na zo da safe na tarar an kwance bukkoki, an ɗora wa jakuna kaya, ƙwarya a kan ƙwarya, shanu sun cika gaɓar da kwandonsa yake. Ja'e ya zame daga cikin ayari ya tsaya can dama, bayan layin itatuwan turare, inda babansa ba zai hango shi ba. Ya ɗaga hannu biyu. Na gane nufinsa, shi ma ya gane nawa. In murfi ya tafi da shi, to shi ke da zuwa bakin ruwa, ko daga ina, ko yaushe. Doka ce.

Na juya baya zan yi jifana, sai na tsaya. Daga inda nake, jifan baya zai karkata hagu ya faɗa tsakiyar shanu, a gaban babansa. Wurin da Ja'e yake, sai jifan da ke zagaya itace ya lanƙwasa dama. Na sa yatsu biyu a ƙarƙashi. Na manna gwiwar hannu. Har na ji muryarsa a kunnena, amma hannun da ya saba jan igiyar inji bai san lallashi ba. Na zuba ƙarfina duka, wuyan hannu ya kife, murfi ya tashi a karkace, ya soki ruwa ko rabin kanal bai kai ba. Muka bi shi da gudu, ni a gaɓata, shi a tasa, yana lilo a kan ruwa, shuɗi fes, har ƙofar ruwa ta haɗiye shi. Ja'e bai yi mini tsiya ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Ya tsaya ya dube ni, aka ƙwala masa kira, ya saɓa sanda ya bi shanu. Ranar tsuntsaye suka ci alkama suka ƙoshi, ban ja igiya ko sau ɗaya ba.

Na tambayi Fulani a kasuwar Bunkure har sun san ni da mai neman Ja'e. Wani ya ce kudu suka yi, wani ya ce sun ƙetare iyaka. Bayan na yi aure wani dattijo ya ce ya san gidan, yaron bai yi tsawon rai ba. Ban yarda ba, ban kuma ƙara tambaya ba.

Kwanakin baya ɗana Abba ya nuna mini a waya wasu Turawa suna jifan faifan roba cikin kwandon ƙarfe mai sarƙa, har da masu tafi. Na ce masa wasanmu suka sace, ubanka ne sarkinsa. Na duba da kyau, ga jifan baya, ga jifan gaba, tafin hannu na kallon sama. Na sami murfin fenti na shiga koyo a bayan gida, da tumbina da furfurata, uwargida tana leƙe tana salati. Da hannu ya faɗa, na ɗauki Abba a babur muka je wurin. Ciyawar kacala ta cinye gefen kanal, an sare itatuwan turare, inda ruga take shinkafa ce har iyakar gani. Ba yaro ko ɗaya mai korar tsuntsu da wasa a hannunsa.

Na sa yatsu biyu, na fyaɗa a hankali. Murfi ya tafi a kwance, ya lanƙwasa dama, ya sauka daidai inda Ja'e ya tsaya. Na buɗe baki zan yi kirari, na fasa.

Abba ya dubi hayi, ya dube ni, ya ce, "Ya tsallaka, Baba. To yanzu wa zai jefo mana shi?"