Bin Sawun Sadisu Zuwa Wudil

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama. Bayan haka, ɗalibai da 'yan'uwa sun yi ta tambayar abin da ya hana zaman karatu a ƙarshen makon jiya. Ga bayanin.

Mun idar da sallar asuba ranar Juma'a muka bar Lajawa, ni da ƙanena, ƙasa ba ta gama tsotse ruwan da aka kwana ana yi ba. Abin da ya fitar da ni, alhali gwiwoyina sun daɗe da yi mini tawaye, shi ne jikana Sadisu, ɗan 'yata. Tun farkon hutun makaranta ya shiga wata ƙungiyar yara masu wasan kwaikwayo da waƙe, suna zaga garuruwan ƙasar Wudil. Aka koma makaranta, shi bai koma ba. Sannan labari ya iske mahaifiyarsa cewa maƙogwaronsa ya kumbura, ko tuwo da ƙyar yake haɗiya, amma kullum sai ya hau dandali. Mahaifinsa yana kudu wajen fatauci. Ta aika a dawo da shi, aka ce wasa ba ya yiwuwa sai da shi. Sai ta zo ta durƙusa a gabana tana hawaye, ni kuwa ban iya kallon wannan ba.

Babura muka hau zuwa bakin kwalta. Hanyar ta zama kunu, sau da yawa sai mun sauka mun taka, har taɓo ya karɓe takalmina guda, ƙanena ya ceto shi da sanda. Gero ya yi kai dama da hagu, abin godiya ga Allah. Kuɗin babur kuwa ya ninka abin da na sani, kuma duk wanda ka yi wa magana sai ya ce ka tambayi gidan mai.

An ce mana yaran suna Darki. Muka isa muka tarar sun tashi tun jiya. Wani mai shayi ya nuna mana wasu mata masu koren mayafi iri ɗaya, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ku bi waɗancan. Inda suka sauka, nan yaran suke."

Haka muka shiga mota ɗaya da su, da awaki biyu da ake kai wa kasuwa. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai sayar da kayan miya, ana ce da ita Hajiya Talatu. Sunan da suka sa wa kansu shi ne 'yan sahun gaba. Ni a masallaci kaɗai na san sahun gaba, ashe akwai wani. Tun da aka fara wasan ba gari ɗaya da ya wuce su. Sun san sunan kowane yaro, da wanda ba ya cin yaji, da wanda takalminsa ya tsinke suka haɗa suka saya masa. Na so in yi shiru, ƙanena ya tona cewa ni ne kakan Sadisu. Nan take motar ta kaure da gaisuwa. Hajiya ta zaro wata kwalba daga jakarta: zuma ce da citta da kanumfari.

"Mura ce ta kama mana shi, Malam," in ji ta. "Amma mun tsaya a kansa. Da yardar Allah kafin sati muryar ta dawo."

Mun shiga Wudil ana cin kasuwa. Manyan motocin shanu sun toshe hanya tun kafin gada, muka daɗe a tsaye zafi yana dafa mu. Kogi ya cika ya yi ja, masunta suna ta kai da komo a kwale-kwale. Bayan an sauko daga Juma'a ƙanena ya ja ni rumfar mai soyayyen kifi. Ya ci nasa ya taya ni nawa, yana cewa ƙaya ba ta dace da mai sauran haƙora kaɗan ba.

A filin wata makarantar firamare za a yi wasan, bayan la'asar. Ko da muka je, gaban dandalin duk duwatsu ne da takalma ƙafa ɗaiɗai, an jera su tun safe. Kowane dutse da mai shi, kuma ba wanda ke gusar da na wani. Ina neman inda zan raɓa sai wani mutum ya tashi ya ba ni kujerarsa. Kirista ne daga kudancin Kaduna, ma'aikacin jami'a, yana kawo 'ya'yansa mata. Ya ce ya ga wasan har ya daina ƙirgawa, amma duk ranar da bai zo ba sai ya ji kamar ya bar wuta a kunne a gida. Allah ya saka masa da alheri.

Labarin wasan gajere ne. Wani yaro makiyayi ne ɗan maraƙinsa ya ɓata, yake bi yana tambayar manomi da masunci da mahauci, kowa yana ba shi amsa da waƙa. Akwai kalangu da sarewa. Abin da nake gani game da kiɗa ɗalibaina sun san shi, ba nan ne wurin faɗarsa ba. Amma gaskiya ɗaya ce, ban ji batsa ba, ban ga rashin kunya ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina 'yan kallon ne. Leɓunansu suna riga na yaran motsi. Da wata ƙaramar yarinya ta manta baitinta, sai suka ɗora mata baki ɗaya, kamar yadda ake yi wa liman gyara a tarawihi.

Sai ga Sadisu da malfa da sanda, shi ne makiyayin. Wandon wasan ya tsaya masa a ƙwauri, kuma na hangi wani duhu-duhu a saman leɓensa. Yana buɗe baki na gane. Na yi shekaru ina sauraron tilawar yara, na san wannan sauti kamar yadda manomi ya san hadarin da zai zubar da ruwa. Baitocin farko ya yi su a ƙasa-ƙasa, lafiya lau. Da ya zo inda makiyayi ke kiran maraƙinsa da siririyar murya, sai ta tsage gida biyu. Ya sake gwadawa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe.

"Ɗaga, Makiyayi, ɗaga!" in ji 'yan sahun gaba.

Da ya kasa, sai suka karɓe kiran suka rera shi da kansu, can sama, yadda suka saba ji. Suka rufe shi ruf. Wasu suna hawaye, wasu suna tafi, shi kuwa yana tsaye bakinsa yana motsi, ba mai jin abin da ke fita.

Bayan an tashi na same shi a bayan aji, mata sun kewaye shi, wannan da kwalba, waccan da ɗanyen ƙwai. Saurayin da ke koyar da yaran ya ja ni gefe ya ce, "Wallahi Malam na sani. Amma wa zai faɗa musu? Su ke ciyar da yaran nan."

Sadisu ya hango ni ya yi ƙarfin halin wasan jika. "Tsoho, ka baro mini matata ita kaɗai ka taho yawo?"

Na ce, "Ta ce ta gaji da mijin da ba ya kwana a gida."

Ya yi dariya, ta sarƙe shi da tari. Sannan ya matso ya rage murya. "Malam, ba wani rubutu da za ka yi mini in sha?"

Da na ce akwai, da ya biyo ni a daren ba gardama. Amma ban yi karatu don in yaudari jikana ba. Na ce, "Babu, Sadisu. Ba ciwo gare ka ba, girma ne ya zo. Malaman fiƙihu sun ambaci kaurin murya cikin alamomin balaga. Waccan muryar aronta aka ba ka, kuma mai ita ya karɓa. Ciwon da kake ji, na tilasta wa maƙogwaro abin da ya bari ne."

Hajiya Talatu ta ce, "Haba Malam, kada ka yi mana baki. Wannan ɗan yaron?"

Na ce, "Hajiya, ki dube shi da kyau. Ya fi ki tsawo."

Ta dube shi tun daga ƙafa har kai, kamar yau ta fara ganinsa. Ta mayar da kwalbarta jaka.

Sadisu ya ce gobe akwai wasa a Ɗankaza. Na ce masa ba zan ja shi da igiya ba, domin yanzu alƙalami ya hau kansa, shi za a tambaya ba ni ba. Na faɗa masa halin da na baro mahaifiyarsa, da cewa da hantsi za mu kasance a tasha. Muka tafi gidan wani tsohon ɗalibina muka kwana, ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Da safe muka tarar da shi a tasha ya riga mu, kayansa a leda, idanunsa sun kumbura. Motar 'yan sahun gaba tana gefen tamu, za ta Ɗankaza. A tsakiyarsu ga wani ƙaramin yaro an ɗora masa malfar, tana rufe masa ido. Sun kunna masa tsohuwar muryar Sadisu a waya yana bi, suna yi masa fifita. Ban ga laifinsu ba. Sun so jikana da gaske, sai dai abin da suka fi so ba ya zama a jikin mutum ɗaya. Sadisu ya saurara har baitin ya ƙare, sannan ya leƙa ta taga ya ce da yaron, "Kai, ja numfashi kafin kiran, ba a tsakiyarsa ba." Motarmu ta tashi.

Mun iso Lajawa gab da azahar, taɓon jiya ya bushe ya zama kunya-kunya. Na tsaya a zauren gidansu Sadisu ina huce gajiya, shi ya wuce ya yi sallama a ƙofar tsakar gida. Sai na ji 'yata daga ciki tana cewa, "Wane ne? A yi haƙuri, maigidan ba ya nan."

Ya ce, "Inna, ni ne."

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: mai ƙauna yakan so ya tsayar da yaro a inda ya fi ba shi sha'awa, Allah kuwa bai halicci yaro don ya tsaya ba. Ku sa Sadisu a addu'a. Karatu sai gwiwoyina sun sauka.