Kwando Shida a Makarantar da Ba Kowa

Na kai tumatir kwando shida makarantar kwana a Gumel, na tarar da ita a rufe.

Shekara biyu ke nan da babban fari. Ya cinye mini shanu, matata ma a shekarar ta rasu, aka bar ni da lambu a bakin tafki. Kwando biyu nawa ne, huɗu na maƙwabtana uku. Ni na samo mana cinikin a wurin Malam Sabo, kukun makarantar, don haka ni ke kai kaya. In ya ruɓe, noman ranin gida huɗu ya ruɓe a hannuna. Sabo ya ce in zo ran goma ga wata mai kamawa, ranar da yara ke dawowa daga hutu. Na ga tsayuwar wata da idona, na ƙirga goma.

Laraba, Gumel

Ina idar da sallar asuba na ɗaura wa jakuna uku kaya. Da hantsi na iso Sule Tankarkar, na sha furar kwabo biyar a tsaye. Daga nan yashi ne, wajen mil goma sha ɗaya. Ban yi magana da kowa ba sai jakuna. Azahar ta yi mini a ƙofar makaranta.

Ba hayaƙi a kicin, ba ihun yara. Sai maigadi, Baba Kyari, wani tsohon Babarbare, abokin wasanmu mu Fulani, zaune a gindin darbejiya.

"Bawana, me ka ɗauko haka?"

"Yau goma ga wata, Baba."

Ya yi dariya har ya sarƙe. "Watan sama ka ƙirga! Su nan na Bature suke bi, wanda ke rataye a bangon ofis. Saura kwana goma sha biyu. Kai, Bafillace dai ba ya rabo da kallon sama."

Na latsa tumatir ɗaya. Ya fara laushi.

Alhamis, Maigatari

Na bar wa Baba Kyari jakuna, na sa kayan a babbar mota mai zuwa kasuwa. Direba ya karɓi naira ɗaya, ya ce in hau saman buhuna. A shingen kwastan wani ya soka sanda cikin kwando, ya fasa mini tumatir biyar, ya ce mu wuce.

Tumatir ya yi wa kasuwa yawa. Dillali ɗaya ne ya tsaya, tayin da ya yi kuwa zagi ne. Na tsaya a rana har la'asar. Wata tsohuwa 'yar Damagaram, mai sayar da kauɗa, wato busasshen tumatir, ta daɗe tana kallona.

"Malam, gawa kake gadi? Yanka shi ka shanya. Rana ba ta karɓar ko dala ɗaya."

A ƙauyenmu wannan aikin mata ne. Da matata na raye, da tun jiya na ji wannan maganar. Na biya wata nairar, na komo Gumel da kayana.

Juma'a zuwa gaba

Na wasa wuƙa. Ina yanka, ina jerawa a kan sumuntin barandar azuzuwa. Baba Kyari ya ja kujerarsa kusa, yana korar awaki, yana cewa bai taɓa ganin bawa mai saurin hannu kamar nasa ba. Kwando guda ya riga ya lalace, na zubar, na ce daga nawa ne. Yini biyu ina yanka, hannuwana suka tsattsage.

Sauran kwanakin jira ne. Da rana in juya shanya, in shiga ɗakin cin abinci in zauna a kan benci. Benci arba'in, ni kaɗai. Tuwon Baba nake ci, shi ma ba shi da kowa a garin. Kwando biyar suka koma buhu ɗaya da rabi.

Litinin ta biyu

Motoci suka sauke yara da akwatunan ƙarfe. Malam Sabo ya zo a keke, ya buɗe buhu ya sunsuna.

"Ɗanye na ce maka, Buba."

"Ɗanye na kawo. Wannan ne abin da rana ta bar mana."

Baba Kyari ya ba shi labari, da ƙari. Sabo ya jiƙa kwano biyu, ya sa aka niƙa, aka yi miya. Na tsaya a bayan taga ina jin ƙarar kwanuka. Kwanukan da aka fito da su wanki duk a suɗe suke.

Sabo ya karɓi kayan duka. Sannan ya ɗauko gwangwanin madara, ya ƙirga tsakuwa ashirin da ɗaya ya zuba, ya miƙa mini.

"Kullum da asuba ka jefar da ɗaya. Ran da ka jefar da ta ƙarshe, ka taso."

Talata da magariba na iso gida. Na ba kowa rabonsa, ba wanda ya ce mini komai sai sannu da hanya. Na gode Allah, na gode wa Baba Kyari da tsohuwar da ban san sunanta ba.

Yanzu ina lambu, a bakin tafki. Gwangwani na rataye a jikin bukka. Saura tsakuwa tara.