Mai Sayen Zuciyar Rago

Ran Lahadi, a kasuwar Tawa, na ga wani saurayi yana tsaye a rumfar mahauta. Dogo ne, rigarsa ta yi masa yawa, idanunsa jawur don rashin barci. Bini-bini yana duban agogon hannunsa, kamar wanda mota za ta bari.

Zuciyar rago guda ya saya. Maimakon ya wuce, sai ya tsaga ta da reza, yana zura yatsa cikin kowane rami, leɓɓansa na motsi da Faransanci.

"Ɗan garin Barmu na," in ji mahaucin, yana raɗa mini. "Dakar shika son tahiya karatun likita. Bara ya faɗi jarrabawa, in ya faɗi bana shi ke nan."

Sa'annin saurayin na gindin bishiya suna dara. Ɗaya ya ƙwala masa kira: "Likita, taho mu sha hura!"

Ya ɗaga musu hannunsa mai jini, har ya yi taku ɗaya wajensu. Sai ya dubi agogo, ya juya.

Ina jin in ya koma masauki, darasin nan nasa zai gasa ya ci a tsaye, babu ko wanda zai yi wa bismilla.