Maginin da ya sa aka karya tsaninsa

A gidanmu na Dala, idan an sauke tuwon magariba, kakata Inna Yalwa ba ta barin a kashe murhu. Takan tura 'yar gyaɗa cikin garwashi, mu jikoki mu kewaye ta, dutsen Dala yana tsaye a bayan katangarmu kamar shi ma sauraro yake. Sai ta ce, "Tatsuniya ce a ƙofa, a buɗe mata?" Mu ce, "A buɗe!"

Duk cikin labaranta, na magini Gagarau ne yake tayar min da tsigar jiki. Gidanmu gidan magina ne, don haka mun san yadda aikin yake: magini yana zaune a kan katanga kamar mahayi, na ƙasa suna jefa masa tubali yana cafewa. Inna ta ce a ganiyarsa Gagarau yana cafe tubali biyu da hannu ɗaya, katanga tana tashi da shi kamar ana hura ta. Da ya wuce tsawon giginya sai ya leƙo ya ce a karya tsaninsa, shi ba mai saukowa ba ne. Aka karya. Ya shiga zagin masu jifa, wai hannuwansu na kunu ne.

Nan Inna takan rage murya. "Ya yi sama, ya yi sama, har ya ga Dala kamar curin fura a faifai. Shaho yana shawagi a ƙarƙashin ƙafarsa. Hadari ya zo ya gaishe shi ya wuce." Nakan ɗaga kai in dubi sama, bakina a buɗe, gyaɗata tana ƙonewa.

Sai ya miƙa hannu, ba tubali. Masu jifa sun tafi gida.

"To Inna, yaya ya sauko?"

"Da hannunsa, ja'iri. Ya dinga ɓamɓare tubalin da yake zaune a kai, ɗaya bayan ɗaya, yana rushe abin da ya gina. Ya hau da baƙin gashi, ya taka ƙasa da furfura."

"Ba wanda ya kawo masa tsani?"

"Wa ya bari a ƙasa da zai so ganin fuskarsa?"

Gaskiyar magana, a lokacin shahon kawai nake ji. So nake in hau in ga abin da ya gani.

Kuma na hau. Ɗan kawuna, Yaya Ado, shi ya koya min riƙe cokalin gini. Da aikin bulo ya karɓe ni, sunana ya zaga unguwanni, shi ya koma yana kwaɓa min siminti ba tare da ya nuna damuwa ba. Wata rana kwanon siminti ya suɓuce masa. Na leƙo daga saman bene, a gaban mai gida da leburori, na ce, "Tsoho, hannunka ya mutu, je ka gida ka huta." Ya wanke hannunsa ya tafi. Shekaru ban taka gidansa ba, ko ranar sallah. Allah Ya yafe min.

Da bayana ya fara ciwo, waya ta daina ƙara, sai muryar Inna ta dawo min, ita da ta daɗe a ƙasa. Na yi mamakin tsohuwar da ba ta taɓa hawa katanga ba, amma ta san yadda ƙasa take nisa idan ka dubo ta daga can.

Bara gab da damina na taka zuwa Zaitawa wurin Yaya Ado, ina tsara kalaman neman gafara, ina tsoron ya ce ba ya nan. Na tarar da shi a kan katangar gidansa yana yaɓe, shi kaɗai, yana sauka yana hawa don ɗebo ƙasa. Na yi sallama, ya amsa. Ya daɗe yana kallona daga sama.

Na ce, "Yaya, na zo ne..."

Ya ce, "Habu, ƙasar nan tana bushewa. Naɗe hannun riga."

Na sunkuya da ciwon bayan nan nawa, na cura, na jefa. Bai kai ba, ya faɗo a ƙafata.

Ya yi dariya har katangar tana motsi. Ya ce, "Sake. Ina nan."